Sifikun da Ke Ƙarƙashin Bargo

Da akwatin sifika a rungume ta fara shiga shagonsa, mai tasi na biye da ita da falankai. Kafintan ya kashe injin goge katako ya tsaya kallonta, garin katako har a girarsa.

"Yayana ne ya fara haɗa su," ta ce. "Ya gama ta dama, bai gama ta hagu ba. Ya rasu."

Haka ta faɗa, kamar tana kiran sunayen 'yan aji, don malamar makaranta ce. Tun rasuwar ba ta yi kuka ba, ba ta yi dariya ba.

Ya ƙwanƙwasa akwatin da yatsa, ya kasa kunne. "Yayanki ya iya aiki. Bar min su, Malama."

Shi dai daga ranar ya kamu. Ƙaramin aiki ya ja shi wata da watanni, yau gam bai bushe ba, gobe audugar ciki ba ta isa ba. Ita kuma in an tashi daga makaranta sai ta biyo, ta zauna a benci, ba um ba um'um. Ya raɗa mata suna Shiruna, har saƙo yake tura mata a waya.

"Shiruna, yau na yanke ramin sifikar. Na yi ta kuskuren awo don ke nake tunani. Ya gajiya?"

"Babu."

Bawan Allah ya wuni yana duba wannan amsar yana murmushi.

Da ya turo kawunsa neman aurenta, Baba ya haɗe rai. "Mai akwatin kiɗa? Haka ɗana ya ƙare kwanakinsa cikin wayoyi. Ba na son abin da zai riƙa tuna min."

Ga kuma mai kemis na bakin titi, mutumin kirki, ya daɗe yana nema. Baba bai tilasta mata ba, ya ce ta faɗi wanda take so kafin wata ya ƙare. Ta duba zuciyarta, ba ta sami komai a ciki ba.

A haka ta je shagon. Ta tarar da shi yana auna wa wata mai salun ɗin gyaran gashi manyan sifiku, suna ta dariya. Can a lungu kuma ga na Yaya, an jingina su fuska da fuska, an yafa musu tsohon bargo. Ta juya ba tare da ya gan ta ba, da ta isa gida ta tura masa saƙo.

"Na ga inda ka jefar da kayan Yaya. Ba komai. Zan ce wa Baba duk yadda ya gani."

"Shiruna, don Allah ki zo ki taɓa su kawai. Daga nan in kin so ki tafi."

Ta zo. Ya ɗaga gefen bargon ya ce ta ɗora hannu. Katakon rawa yake a tafinta.

"Sabuwar sifika da tauri take zuwa," ya ce a hankali. "Sai ta yi kwanaki tana aiki kafin muryarta ta saki. Don kada a dami maƙwabta, akan haɗa su fuska da fuska, a juya wayar ɗaya, a rufe. Abin da wannan ta turo, waccan ta janye. Tun da na gama suke kiɗa a nan, ba wanda ya ji. Ta Yayanki ma ba a taɓa kunna ta ba sai yanzu."

Ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba. Ba ta yi kuka ba.

"Ban san ko ina son ka ba," ta ce. "Ba na jin komai. Amma nan kaɗai nake iya zama."

"Ya ishe ni. Sauran ba gaggawa."

Haka ta faɗa wa Baba, ba ƙari ba ragi. Washegari ya saka hularsa ya tafi shagon da kansa. Kafintan ya miƙe zai gyara wayar ya kunna masa.

"Bar su a rufe," in ji Baba.

Ya durƙusa da ƙyar ya zura hannu ƙarƙashin bargon, ya shafa ta hagu, ya koma ta dama ya tsaya.

"Wannan ce tasa. Na san yankansa, kullum sai ya ɗan karkace a kusurwa."

Da ya tashi, ƙasa yake kallo. "Ka ce wa kawunka ya dawo."

An ɗaura aure ba hayaniya. Ranar da za ta tare, ana loda kaya a mota, Baba ya tsaya a kan sifikun.

"Ku tafi da ta hagu, ku bar min ta dama."

Angon ya sunkuyar da kai. "Baba, ba a raba su. Ɗaya ita kaɗai rabin waƙa take bayarwa."

Tsohon ya dubi 'yarsa, ita ma ta dube shi. Ya janye hannunsa daga kan akwatin.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya," ya ce. "To ku ajiye min kujera a gabansu."