Yarinyar da Ta Juya wa Iska Baya

Tun da Sahabi ya dawo Yelwa, gidan mahaifiyarsa Inna Hansatu ya daina ƙamshin daddawa ya koma warin fenti. Shekaru ya kwashe tsakanin Zariya da Legas yana koyon zane, ya dawo a rame, da jaka cike da burushi, da ƙafar da ba ta iya zama wuri ɗaya. Zaure ya cika da allunan zane jingine da bango, kamar baƙin da suka zo gaisuwa suka ƙi tashi.

Dukkansu tatsuniyoyi ne, irin waɗanda aka rene mu da su. Ga kada ya sa babbar riga zai je neman aure, ga kura ta leƙa rijiya kwaɗayi na jan ta. Niyyarsa ya baje su a babban ɗakin taro na wata sakandare, yaran Yauri su zo su ga abin da kakanninsu suke gani da kunne.

Allon da ya fi girma shi ne na tatsuniyar mutanen gungu, wato masu zama a tsibirin tsakiyar kogi: shekarar da ruwan sama ya kashe kowace wuta a garin, aka rasa mai ƙetarewa ya ɗebo, sai wata yarinya ta hau bayan dorina ta je ta dawo da garwashi. Nafisa ce ta ba shi wannan labari. Malamar firamare ce a Warra, 'yar Malam Garba masunci, kuma ita Sahabi yake nema da aure. Takan ɗauki muryar gwaggonta Tamada a waya tana tatsuniya, ta tura masa. A cikin cunkoson motocin Legas ya sha sauraren tsohuwar, har kewar gida ta ɗauko shi ta dawo da shi.

Wata safiya Inna ta ajiye tsintsiya ta tsaya gaban babban allon, ta daɗe tana duban yarinyar da ke kan dorina.

"Sahabi, wagga ba ɗiyar Garba ce ba, ta Warra?"

"Ita ce, Inna. Kin ga har ɗan tabon gefen hancinta."

"Na gani. Duk Yauri ma za ta gani. Ka tambayi ubanta?"

Ya yi dariya, ya ce ai wannan karramawa ce, a Legas 'yan mata roƙo suke a zana su. Inna ta ɗauki tsintsiyarta.

"Legas ɗin can ka baro ta," ta ce.

Bai ji ba. Abokinsa Sulaiman, mai shagon buga takardu, ya ɗauki hoton allon ya yi fosta, suka manna a tasha, a kasuwa, har a kwata inda jiragen ruwa ke tsayawa.

Ran kasuwar Yelwa Malam Garba ya sauka daga jirgi da kwandunan kifin banda. Ya ga 'yan kabu-kabu sun yi cincirindo a jikin wani bango, wani yana fito, wani yana rantsuwa sai ya ɓare takardar ya kai ɗakinsa. Da ya leƙa, sai ga idon 'yarsa yana kallonsa daga bangon. Ya ratsa su, ya ɓamɓare takardar a hankali, ya ninke ya sa a aljihu. Da yamma saƙo ya iso Yelwa: ana neman Sahabi a Warra.

Ya same shi a ƙofar gida yana gyaran tarun kamun kifi. Tsohon ya amsa gaisuwa ba tare da ya ɗago ba, sannan ya zaro takardar ya shimfiɗa a ƙasa tsakaninsu.

"Sahabi, na ba ka izinin zance da ɗiyata nan ƙofar gida. Ban ba ka izinin ka manna ta ga bangon kasuwa ba."

Sahabi ya shiga bayani, ya kawo zancen fasaha, da yadda ake yi a manyan birane, da yadda yarinyar cikin tatsuniyar jaruma ce. Malam Garba ya bar shi har ya ƙare.

"Ni ban san wanga ba. Abin da na sani, in fuskar nan ta hau bango ranar bukin baje zanen naku, ka mance da hanyar gidan ga. Ka tashi, ina da aiki."

A zaure Nafisa ta tare shi, idanunta sun kumbura. Ya zaci za ta ce mahaifinta ya tsananta.

"Na ɗauka za ki yi murna," ya ce.

"Murna? Iyayen ɗalibaina nuna ni suke yi da baki. Jiya wani da ban taɓa gani ba ya kira ƙawata yana neman lambata, wai ya ga fosta. Muryar Gwaggo na tura maka, Sahabi. Ban aiko maka da fuskata ka rataye ba. Ko tambayata ba ka yi ba."

Hawaye ya ci ƙarfinta, ta ja mayafi ta shige ciki. Ya tsaya a zauren kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi, don duk hanyar Yelwa zuwa Warra da tsohon kaɗai yake ta gardama a zuci, bai taɓa tunanin ita ya ɓata wa ba.

Da ya koma, Sulaiman ya ce kada ya kuskura ya taɓa fuskar da ke allon.

"Gaye, ka zama siriyos. Baƙin Birnin Kebbi saboda wannan allon za su zo, sun gani a waya. Watanni ka yi a kan fuskar nan. Tsoho ne, zai yi fushinsa ya huce."

Sahabi ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ce garin nan bai san darajar komai ba, ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado yana cusa kaya, yana cewa motar Legas ba ta ƙare a tasha ba. Inna ba ta roƙe shi ba. Ta dama masa fura ta ajiye a bakin ƙofa.

"Ka tahi in ka ga dama. Amma duk garin da motar ta tsaya, kai ɗin dai ne za ka sauko."

Ya bar jakar a buɗe ya fita. Ƙafa ta kai shi bakin kogi, wajen da mata ke banda kifi. La'asar ce, hadari ya haɗo daga gabas, iska tana kaɗa hayaƙi ta ko'ina. Wutar wata mata ta mutu. Ya ga ta ɗauki fasasshen kasko ta je murhun maƙwabciyarta ta ɗebo garwashi. Da za ta dawo, sai ta juya wa iska baya, ta sunkuya a kan kaskon, ta rufa masa da gefen zane, tana tafiya a kaikaice kamar mai ɗauke da jariri. Bai ga fuskarta ba ko kaɗan. Abin da ya gani jan hasken wuta ne yana leƙowa ta tsakanin yatsunta, yana lasar bakin mayafinta.

Ya daɗe a tsaye har yayyafi ya fara. Yarinyarsa ta kan allo kai a ɗage take, tana murmushi tana kallon jama'a, kamar mai jiran a ɗauke ta hoto. Wadda ke tsoron kada wutar garinsu ta mutu a hannunta ba ta da lokacin kallon kowa.

Washegari ya ja Sulaiman yana ta ƙunƙuni, suka bi gari suka cire fosta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya shiga zaure ya haɗa fenti. Ya ɗora burushi kan idon Nafisa na allon, wanda ya fi kowane ido ba shi wahala, ya fara shafewa. Inna ta wuce da tulu, ta ga yana share hawaye da bayan hannu, ta yi kamar ba ta gani ba. Bai kira Nafisa ya ce ta duba abin da ya yi dominta ba. Ya yi ta aiki har ranar buki.

Ranar kuwa ɗakin taron ya cika maƙil. Ɗalibai sun zo layi-layi cikin yunifom, malamai na tsawa, wani babba daga ofishin ilimi ya yi jawabin da ya ƙi ƙarewa kafin ya yanke ribon. Nafisa ta kawo ajinta daga Warra, tana riƙe da hannun Gwaggo Tamada. Malam Garba ya biyo su, amma ya toge a bakin ƙofa, ya ce shi bai zo kallo ba, ya zo ne ya ga ko an ji maganarsa.

Yara suka yi ta ƙyalƙyala dariya gaban kada mai babbar riga. Babban allon yana can ƙurya lulluɓe da farin ƙyalle. Da aka taru gabansa, Sahabi ya yi bisimilla ya ja ƙyallen.

Kowa ya zuba wa allon ido.

Kogi ne mai faɗi, baƙi-baƙi kamar ana shirin ruwa, iska ta kwantar da ciyayin bakin gaɓa. A tsakiya ga dorina, rabinta cikin ruwa, a kanta ga yarinya ta ba wa kowa baya, ta duƙunƙune a kan wani abu da take rungume da shi. Ba a ganin abin, sai haskensa: ya zagaye kafaɗunta da siririn zare ja, ya ratsa yatsunta, ya zubo kan ruwa yana rawa. Wata ƙaramar ɗaliba ta miƙa tafin hannu kusa da allon kamar mai jin ɗumi, ta janye da sauri. Babban nan na ofishin ilimi ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sulaiman, da ya yi kwanaki yana fushi, ya manta da wayar da ya ɗaga don ɗaukar hoto.

Can gaba, inda dorinar ta dosa, ga gungun da ke jiran wuta: rumbuna, da wata tsamiya mai rassa biyu, da faffaɗan dutse a bakin ruwa, da mutane ƙanana tsaye a kansa.

Gwaggo Tamada ta saki hannun Nafisa ta matsa har hancinta ya kusa taɓa allon. Leɓunanta suna motsi. Ba ta juyo ba ta ɗaga murya.

"Garba. Taho."

Mutane suka dare, ya shigo yana jan ƙafa.

"Gungunmu ne wanga. Ga tsamiyar, ga dutsen da innarmu ke wanki. Bayan rumbun can aka haihe ka. Kana goye aka hidda mu, shekarar da ruwan dam ya taso ya rufe shi." Ta juya ga Sahabi. "Ɗan nan, wa ya kai ka? Ai yana ƙarƙashin tafki tun ba a haifi uwarka ba."

"Ke kika kai ni, Gwaggo. Duk sanda kika yi tatsuniyar nan sai kin faɗi tsamiyar, da dutsen, da inda rumbuna suke."

Tsohuwa ta rufe baki da mayafi, hawaye na bin tsagar fuskarta. Ashe tun tana yarinya, duk tatsuniyar da ta yi a garinsu take ajiye ta, ita kanta ba ta lura ba.

Malam Garba bai taɓa ganin inda aka binne cibiyarsa ba. Ya sha wucewa ta wajen a jirgi, ana nuna masa ruwa kawai a ce nan ne. Ya tsaya yana kallo, hannayensa a baya, ya daɗe ƙwarai. Yara suka yanyame Gwaggo suna roƙo ta ba su labarin. Ta share ido ta harare su, ta ce wa ya taɓa jin an yi tatsuniya da rana tsaka? Su bari sai an ci tuwon dare. Aka yi dariya, amma shi tsohon bai ji ba.

Can sai aka ga ya taka zuwa gefen allon, ya karkata kai ya leƙa bayansa, kamar zai hango yarinyar ta gaba. Katako kawai ya gani da ƙusoshi. Wasu ɗalibai suka toshe baki. Ya dawo ya tsaya gaban Sahabi.

"Ina fuskar?"

"Na shafe ta, Baba."

"Duka?"

"Duka. Ban kyauta ba da na sa ta ban tambaya ba."

"Ba ta yi maka ciwo ba, da kana shafewa?"

Sahabi ya sunkuyar da kai. "Ta yi."

"To, madalla," in ji Malam Garba. Ya dubi 'yarsa da ke tsaye cikin ɗalibanta tana cizon gefen mayafi, sannan ya sake duban saurayin. "Ka ce ma manyanka su taho Warra. Kuma in mutanen ga sun ragu, ka samo mini kujera ka aje nan. Ban gama duba gidanmu ba."

Nafisa ta juya ta shiga ƙirga yaran ajinta ba gaira ba dalili, don kada a ga fuskarta. Sahabi ya ruga da kansa ya ɗauko kujera, ya kusa tuntuɓe da babban baƙo.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Mu da muka yi nisa da gida muka dawo, mukan zo da tunanin cewa duk abin da muka koyo a waje shi ne daidai, wanda ya ƙi shi kuma bai waye ba. Da Sahabi ya bi zafin zuciyarsa, da yanzu yana wani gari da kyakkyawan zane, babu Nafisa. Ya haƙura, ya saurari iyaye, ya gane cewa son mutum ba ya ba ka ikon baje shi a kasuwa, sai Allah ya ba shi matar, ya kuma ba shi aikin da ya fi na farko.