Agogon Iya Ba Ya Ƙirga Gaisuwa

A garin Kurfi akwai wani yaro ɗan aji biyar. Yana son ƙwallo, yana son taɓe-taɓen waya, amma babu abin da yake so kamar kakarsa, Iya Turai. Ita kuwa ba ta kiran sunansa. "Maigidana" take ce masa, irin wasan kaka da jika.

A shekarar nan ne Allah ya ba Iya kujerar Makka. Gida ya cika da murna. Amma da aka kai ta asibiti a Dutsin-Ma don a duba lafiyarta, likita ta ce da sauran gyara.

"Iya, ƙafafunki sun saba da zama," in ji likita. "Aikin Hajji kuwa tafiya ce. Idan ba za ki iya doguwar tafiya ba, zan rubuta a tura ki a keke wajen ɗawafi."

Iya ta dafe ƙirji. "Keke? Ɗiyata, tun ina budurwa nake roƙon Allah ya nuna mini ranar da zan zagaya Ɗakinsa da ƙafata."

"To, ki riƙa tafiyar rabin awa kullum. Bayan wata guda ki dawo in gwada ki."

Goggo Hadiyya, ƙanwar baban yaron, malamar motsa jiki ce a wata makaranta a Dutsin-Ma. Ita ta rako su gida. Suna zama ta cire wani baƙin agogo daga hannunta, ta ɗaura wa Iya.

"Wannan agogon atisaye ne," ta ce. "Idan kina tafiya, yana ƙirga miki lokaci. Idan kika tsaya, shi ma sai ya dakata da kansa, ya ɗan girgiza a hannunki. Da kin ɗaga ƙafa, sai ya ci gaba."

"To ina ya san na tsaya? Ido gare shi?"

"Motsin jikinki yake ji, Iya. Tafiya kawai yake ƙirgawa, ba ya ƙirga tsayuwa."

Goggo ta juyo ga yaron. "Kai ne ɗan rakiya. Ka danna nan idan kun fita. Idan ya cika rabin awa, ku dawo. Zan riƙa kiranka ina tambaya."

"An gama, Goggo!" ya ce, yana jin kansa babban mutum.

Washegari, da ya dawo daga Islamiyya, suka fita. Ya danna agogo, lambobi suka fara gudu. Ya lissafa a ransa cewa zai kai Iya gida, ya ruga fili kafin abokansa su raba 'yan wasa.

Ba su yi nisa ba suka iske Luba mai awara a ƙofar gidansu.

"Iya! Ina wuni?"

Iya ta ja ta tsaya. "Lafiya lau, Luba. Ya gida? Ya yara? Ya jikin maigidan? Ya mai sunan Malam, haƙoran sun fito?"

Zzz! Agogo ya girgiza, lambobi suka tsaya cak.

"Kai!" in ji Iya. "Wannan abu ba shi da tarbiyya. Ana gaisuwa yana zungurin mutum."

Suka ci gaba. Sai ga Malam Audi tela a bakin shagonsa. Aka gaisa, aka tambayi aiki, aka tambayi 'yan ƙauyensu Ɗantutture, aka yi zancen damina. Zzz! Gaba kaɗan an yi haihuwa, dole a leƙa a yi barka. Zzz! Kusa da masallaci wata tsohuwa ba ta jin daɗi, dole a duba ta. Zzz!

Kafin agogo ya cika rabin awa, an fara kiran Magariba. Yaron ya hango abokansa suna dawowa daga fili, ƙafafu duk ƙasa.

"Yau ina ka shiga?" in ji abokinsa Fahad. "An ci mu, ba mai tsaron raga."

Haka aka yi washegari. Haka aka yi ranar da ta biyo baya.

"Iya, don Allah ki rage gaisuwar nan," ya ce mata.

"Maigidana, ka ji ka da wata magana. In wuce mutane ban tsaya ba? Sai a ce Turai ta samu kujerar Makka ta fara ɗaga kai."

Da suka dawo gida, Iya ta cire agogon za ta yi alwala. Yaron ya ɗauka yana dubawa. Ya shiga nan, ya fita can, har ya gano wurin da ake kunna dakatawa da kashe ta. Ya tsaya yana kallon wurin.

"Ai gaisuwa ma da wahala," ya ce a ransa. "A tsaye take yin ta. Kuma Iya za ta huta da zunguri."

Ya sa yatsa ya kashe.

Washegari Iya ta tsaya wajen Luba, agogo bai ce komai ba. Lambobi suka ci gaba da gudu. Ta tsaya wajen Malam Audi, suna ta gudu. Kafin su kai masallaci, rabin awa ta cika.

"Iya, mun gama!"

"Tun yanzu? Ikon Allah! Ashe na fara sauri. Ka ga abin nan ma ya yi hankali, ya bar zungurina."

Yaron ya kai ta gida, ya ruga fili. Ranar ya kama ƙwallaye masu kyau, har Fahad ya ɗaga shi sama.

Da Goggo ta kira a wayar Baba, ta ce, "Ɗan rakiya, agogo ya cika?"

"Ya cika, Goggo."

"Madalla da ɗana!"

Ya miƙa wa Baba wayar da sauri. Ya ce a ransa, ai ba ƙarya ya yi ba, agogo ya cika. Haka suka yi ta yi har wata ya ƙare.

Ranar komawa asibiti ta faɗo cikin hutu, don haka aka tafi da shi. Iya ta sha sabon lulluɓi, tana ta raha a mota. A Dutsin-Ma suka ɗauki Goggo.

Likita ta fito da su harabar asibiti. "Iya, ga itacen darbejiya can. Ki je ki dawo, ki sake zuwa, kada ki tsaya sai na ce."

"Wannan ai wasa ne," in ji Iya.

Ta je ta dawo. A zuwa na biyu tafiyarta ta ragu. A na uku ta fara haki, gumi ya jiƙa mata goshi. Ta dafa itacen, ta zame ta zauna a kan benci.

Yaron ya ruga wurinta. "Iya! Iya!"

"Ba komai, Maigidana. Numfashi ne... ya ɗan ƙi."

Aka ba ta ruwa. Likita ta girgiza kai. "Kun tabbata tana tafiyar nan kullum?"

"Kullum," in ji Baba. "Agogo ne shaida."

Goggo ta kama hannun Iya, ta buɗe bayanan da agogon ya ajiye. Ta daɗe tana dubawa. "Abin mamaki. Lokaci yana cika, amma nisan tafiyar kaɗan ne ƙwarai." Ta ƙara dannawa. "Af! An kashe dakatawa. Duk tsayuwar da ta yi, agogo ya ƙirga ta a matsayin tafiya."

Likita ta ce a hankali, "Iya, ki yi haƙuri. A yadda na gani yau, keke zan rubuta."

Iya ta sunkuyar da kai, ta sa bakin lulluɓinta ta share ido. Yaron bai taɓa ganin ta yi kuka ba.

"Ni ne," ya ce. "Ni na kashe. Ina so mu gama da wuri in je ƙwallo. Likita, don Allah kada ki rubuta. Ba laifin Iya ba ne."

Baba ya dube shi. "Goggonka tana tambayarka kullum. Me kake ce mata?"

"Ina cewa ya cika."

"Ka san abin da take nufi da tambayar?"

"Na sani, Baba." Hawaye suka zubo masa.

Iya ta jawo shi jikinta, ta dubi Baba. "Mahmuda, bar mini maigidana haka nan. Ni ma da nawa. Na ji abin ya bar zungurina, na ji daɗi, ban tambayi dalili ba."

Likita ta yi ɗan murmushi. "Akwai sauran lokaci kafin a fara tashin maniyyata. Zan jira wata guda. Amma wannan karon tafiya nake so ta gaskiya."

A mota, yaron da kansa ya kunna dakatawar, ya nuna wa Goggo. Sannan ya shiga tunani. Iya ba za ta bar gaisuwa ba, kuma bai kamata ta bari ba. Agogo kuwa ba zai ƙirga tsayuwa ba. Suna shiga Kurfi ya daka tsalle a kujera.

"Baba, na samo dabara! Wa ya ce dole sai a tsaye ake gaisawa?"

Da yamma ya bi unguwa gida-gida. Ya fara da Luba.

"Inna Luba, likita ta ce idan Iya ba ta yi tafiya ba tsayawa ba, a keke za ta yi ɗawafi. Don Allah idan kin gan ta, ki biyo ta ku gaisa a tafe."

"Iyar tamu a keke? Allah ya kiyaye! Je ka, na ji."

Ya gaya wa Malam Audi. Ya gaya wa matan gidan liman. Har Fahad ya taya shi kai saƙo.

Washegari suka fito. Luba na hango su ta miƙa wa 'yarta matsamin awara, ta gyara mayafi, ta jera da Iya.

"Ina wuni, Iya? Kada ki tsaya!"

"Lafiya lau. Ya yara? Ya jikin maigidan?"

"Da sauƙi. Ɗaga ƙafa, Iya!"

Malam Audi ya leƙo daga shago, tef rataye a wuyansa. "A tafe, Iya, a tafe! 'Yan Ɗantutture suna gaishe ki, sauran labari sai kin dawo!"

Iya ta yi dariya har tana tari. "Yau na ga abin da ya ishe ni. Garin nan kowa ya zama likita."

Kwanakin farko da wuya. Iya takan gaji ta zauna, agogo ya dakata, yaron ya jira ta ba tare da ƙorafi ba. Idan ta huta sai su tashi. A hankali zaman ya ragu. Mata suka fara jiran fitowarta. Wasu don gaisuwa, wasu don sun ce su ma gwiwa na damun su. Har tsohuwar nan ta kusa da masallaci takan bi su zuwa bakin layi da sandarta.

Wani abu kuma ya ba yaron mamaki. Tun da Iya ta bar tsayawa, rabin awa takan cika tun rana na sama. Yakan kai ta gida, ya isa fili kafin a fara wasa.

Da suka koma Dutsin-Ma, Iya ta yi ta kai da kawowa tsakanin likita da darbejiya. Likita ta ce, "Ya isa, Iya."

"A'a, ɗiyata, yanzu na fara jin daɗin ta."

Likita ta yi dariya, ta rufe biro. "Ba keke. Allah ya sa a yi karɓaɓɓe."

Bayan maniyyata sun tashi, wata rana da hantsi wayar Baba ta yi ƙara. Ya saurara kaɗan, ya miƙa wa yaron. "Kai ake nema."

"Maigidana!" Muryar Iya ce, ga hayaniyar mutane a bayanta. "Na yi! Na zagaya Ɗakin Allah da ƙafata. Na yi Safa da Marwa da ƙafata. Na yi maka addu'a har sai da na rasa abin da zan roƙa."

"Iya, kin yafe mini?"

"Tun a gindin darbejiya na yafe. Gaida Luba, gaida Malam Audi, gaida kowa da kowa, kada ka tsallake gida ko ɗaya!"

Da aka kashe waya, Baba ya dafa kansa. "Me ka koya?"

Yaron ya ce, "Na koyi cewa idan aka ba ni amana in riƙe ta da gaskiya. Zan iya sa agogo ya nuna abin da nake so, amma wannan ba zai ƙara wa Iya ƙarfi ba. Kuma idan abu ya dame ni, in faɗa a nemi mafita, kada in yi dabara a ɓoye."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Baba.

Yaron ya sa takalminsa, ya fita isar da gaisuwar Iya.