Ƙullin Daddawar da Ba a Aiko Ba

A garin Gaya akwai wata yarinya mai yawan tambaya. Tana aji biyar a firamare, ƙanenta Mus'ab kuma yana aji ɗaya.

Iyayensu sun rabu. Alƙali ya yanke hukunci cewa yaran su zauna wurin mahaifiyarsu, Wasila. Mahaifinsu, Malam Tijjani, ya koma garinsu Gafasa a ƙasar Ajingi. An ba shi damar ganinsu, amma da sanin mahaifiyar.

Akwai tambayar da ta fi damun yarinyar. Umma ba ta taɓa kiran sunanta ba. Kullum sai ta ce "Ke," ko kuma "Yayar Mus'ab."

"Umma, me ya sa ba kya faɗin sunana?" in ji ta wata rana.

Umma ta yi murmushi kawai, ta ce, "Je ki duba mini tukunya."

Daga nan yarinyar ta ɗauka cewa Umma ta fi son Mus'ab.

Wata Laraba, lokacin hutun tara, ta hango Baba a bayan katangar makaranta a kan babur. Ta ruga da murna ta gaishe shi. Ya kira sunanta har sau biyu. Ta ji daɗi ƙwarai.

"Je ki ɗauko Mus'ab, za mu je mu gaida Kaka," in ji Baba. "Ki ce wa malamarsa Ummanku ce ta aiko."

"Baba, Umma ta sani?"

Baba ya dubi gefe. "Ke ce babba, ke na amince wa. Yi sauri."

Yarinyar ta nufi ajin su Mus'ab. Malama Kadijatu ta dube ta da kyau.

"Kin tabbata mahaifiyarku ce ta aiko?"

"Eh, Malama," in ji ta, kanta a sunkuye.

Ta riƙe hannun ƙanenta, suka hau babur. Suka bar Gaya a baya. Gonakin gero da na gyaɗa suna ta wucewa. Mus'ab yana ihun murna. Ita kuwa tana ta tunani. In dai Umma ta sani, me ya sa Baba bai shigo ta ƙofa ba?

A Gafasa, Kaka Bara'atu tana sussukar gero a tsakar gida. Da ta gan su ta ajiye taɓarya.

"Lale da angona!" in ji ta, ta rungume Mus'ab. "Ka zo hannu rabbana, ko ɗan goro babu? To na fasa auren."

"Ni ma na fasa, kin tsufa!" in ji Mus'ab. Aka yi dariya.

Kaka ta juyo ga yarinyar. "Ƙawata, ina ƙullin daddawata?"

"Umma ta... ta manta."

Kaka ta dubi kayan makarantar da ke jikinsu. Ta dubi jakunkunansu, babu kome sai littattafai. Ta shimfiɗa musu tabarma. Ta zubo musu dambu.

Bayan azahar Mus'ab ya fara kuka. Ya ce shi wurin Umma zai tafi. Baba ya ja yarinyar zuwa zaure.

"Ke zan mayar da ke Gaya yanzu," in ji shi a hankali. "Mus'ab zai zauna a nan tare da ni. Zan sa shi a makarantar garin nan."

A lokacin ne ta fahimci cewa wannan ba ziyara ba ce.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji ta. "Ni na fito da shi daga aji. Tare muka zo. Ba zan koma in bar shi ba."

Ta koma cikin gida ta zauna kusa da Mus'ab, ta share masa hawaye da gefen hijabinta. Sannan ta dubi Kaka.

"Kaka, me ya sa kika tambayi daddawa?"

"Saboda na san Wasila," in ji Kaka. "Ba ta taɓa turo ku wurina ba tare da ƙullin daddawa da gaisuwa ba. Ko bayan rabuwarsu ba ta fasa ba. Kuma wace uwa ce za ta tura 'ya'yanta baƙunta babu ko rigar canji? Faɗa mini gaskiya."

Yarinyar ta fashe da kuka. Ta faɗi kome, har ƙaryar da ta yi wa Malama.

Kaka ta miƙe, ta ɗaga murya. "Kai! Shigo nan."

Baba ya shigo ya durƙusa.

"Inna, kewarsu ce ta ishe ni. Gidan ya yi mini shiru."

"Na sani," in ji Kaka. "Amma yanzu akwai wata uwa a Gaya tana bi gida gida tana neman 'ya'yanta. Ka sa yarinya ta yi ƙarya, ka taka hukuncin alƙali. Ɗa ba akuya ba ne da za a kwance a bayan idon mai shi. Kira Wasila a waya yanzu, sannan ka nemo mana adaidaita."

Baba ya yi kamar yadda aka umarce shi.

A hanya, yarinyar ta matso kusa da Kaka. Wata sabuwar tambaya ta taso mata.

"Kaka, me ya sa kika ce wa Baba 'Kai'? Ba ki san sunansa ba?"

Kaka ta yi dariya. "Ni da na haife shi? Ɗan fari ne. Uwa tana jin kunyar ɗanta na fari, ba ta kama sunansa. Ba rashin so ba ne. Abin yana nan a ciki, a rufe."

Sai yarinyar ta gane. Ita ma 'yar fari ce.

Sun iso Gaya da la'asar. Umma tana tsaye a ƙofar gida, idanunta sun yi ja, takalminta ma ba iri ɗaya ba ne. Malama Kadijatu tana gefenta. Da adaidaita ta tsaya, Umma ta rugo. Ta manta da kunya, ta manta da mutane, ta kira sunan yarinyar da ƙarfi, ta rungume su duka biyun.

A ranar ce yarinyar ta fara jin sunanta a bakin Umma.

Ta durƙusa ta nemi gafarar Umma da ta Malama. Malama ta ce, "Kin yi kuskure da safe, kin gyara shi da rana. Kada ki sake."

Baba ma ya ba da haƙuri. Manya suka zauna, aka daidaita cewa zai riƙa zuwa kowace Juma'a, yaran kuma su je Gafasa lokacin hutu.

Da hutu ya zo, suka tafi da jakar kaya. Yarinyar da kanta ta miƙa wa Kaka babban ƙullin daddawa.

Yara, ku riƙe wannan darasi. Kada ku bar makaranta da kowa, ko da wanda kuke ƙauna ne, sai da sanin mai kula da ku. Idan aka ce ku ɓoye abu ko ku yi ƙarya, ku sanar da babba. Kuma duk inda kuka shiga, kada ku saki hannun ɗan'uwanku.