Ƙafar Steinar Ta Ɓata

Da safiyar Alhamis aka kira Sufeto Kolbeinn zuwa wurin wankan ruwan zafi na garin Dalvik. An sace ƙafa.

Ya tarar da mai ƙafar, tsoho Steinar, zaune a benci, tawul a wuya, yana ta huci. Ya cire ƙafar robarsa kamar kullum ya shiga ruwa, da ya fito babu ita babu alamarta.

"Kolbeinn, jibi za a hau dutse a koro tumaki gida. Tun ina saurayi ba a taɓa yi babu ni ba. Nemo min ita!"

"Wa zai saci ƙafar hagu guda ɗaya?"

"Ba ƙafar banza ba ce. A gwiwarta akwai wani irin mai da aka gauraya da garin ƙarfe. In na taka, maganaɗisu ya daskarar da shi ya riƙe ni. In na ɗaga, ya sake."

Sufeto ya duƙa. A ƙarƙashin benci ya ga ɗigon wani baƙin abu. Ya ciro maganaɗisun da ke riƙe da sanarwa a allo, ya kusanta shi. Nan take ɗigon ya tattaru ya manne, ya yi tauri.

"Gwiwar nan tana yoyo?"

"Ƙarya ne! Lafiyarta lau," in ji Steinar, yana kallon bango.

Mai tsaron ƙofa, Dagny, ta rantse ba ta ga kowa ba. Sai dai ko sau ɗaya ba ta yarda sun haɗa ido ba, ga kuma burodi mai ɗumi a teburinta, naɗe da tsumman gida. Kaf garin an san mai gasa irinsa: matar Steinar.

Sufeto ya sa Steinar a mota da sandunansa, suka nufi gidan tsohon. Matarsa Hrefna na kicin.

"Yau ko ƙofa ban leƙa ba," ta ce, tun ba a tambaye ta ba. "Za ka sha kofi?"

Babbar jakarta na rataye a kujera, irin mai maɓallin maganaɗisu. Baƙin man nan ya taru a kan maɓallin ya yi cirko-cirko. Sufeto ya ɗaga jakar ya ajiye a gabanta.

Hrefna ta zauna. Ta daɗe tana murza bakin rigarta.

"Ni na ɗauka. Tun bazara nake wanke baƙin nan a wandonsa. Ran Lahadi gwiwar ta saki a matakala, ya faɗi, ya ɗauka ban gani ba. Na ce ya kai gyara, ya ce sai an sauko da tumaki. A kan dutse wa zai tare shi?"

"Ina take?" in ji Sufeto.

Tana ɗakin barci, a gefen da Steinar ke kwanciya, an lulluɓe ta da bargo, an jona ta a caji.

"Ban so batirinta ya mutu ba," in ji Hrefna.

Sufeto ya ji tausayinta har cikin ransa, amma ƙara ta riga ta shiga, dole ta je ofis ta ba da bayani. Ƙafar kuma ta zama shaida, a hannun hukuma za ta zauna.

"Har yaushe?" in ji Steinar.

"Ka san aikinmu ba sauri. Sai dai Litinin."

Hrefna ta saci kallon mijinta, tana jiran faɗa. Steinar ya dogara sandunansa ya je bakin ƙofa, ya sauko da rigar sanyinta, ya yafa mata da hannu ɗaya.

"Ɓarauniya kawai. Sa wannan, ofishinsu sanyi gare shi."

Aka ɗaura wa ƙafar bel a kujerar gaba. Hrefna ta shiga baya, Steinar ya cusa kai ya zauna kusa da ita.

"Kai ba a kama ka ba," in ji Sufeto.

"Ja mota, Kolbeinn. In ba ta kusa, wa zai tare ni?"