Gyaɗar Rumbun Malam Tasi'u

Da hantsin Asabar rahoton wata sata ya iso caji ofis na Bagwai. Sufeto Abdulkabir ya hau babur ya bi hanyar gonaki. An sha ruwa da asuba, ƙasa na fitar da tururi, gero na kaɗawa a hankali, har ya riƙa jin kamar a kan ruwa yake tafiya.

Dakta Khaulat na jiransa a ɗakin shan magani na ƙauyen. Daga wata jami'a a Kano ta zo, tana binciken alaƙar fumfunar gyaɗa da ciwon dajin hanta. Ta ɗebi gyaɗa daga rumbuna arba'in, kowacce a ledarta.

"Me aka ɗauka?"

"Leda ɗaya tak. Ga kwamfutata nan, ba a taɓa ta ba."

"Ta wane gida ce?"

"Ta Malam Tasi'u. Bara matarsa Safara'u ta rasu da wannan ciwon."

Kwaɗon siton da ake ajiye ledojin lafiyarsa ƙalau. Sufeto ya kira Muntaka maigadi.

"Jiya ka bar wajen nan?"

"Ko taku ɗaya, yallaɓai."

"Ashe ba ka je Juma'a ba."

Muntaka ya sosa ƙeya. "Na je. Amma na ɓoye makulli a ƙarƙashin randa."

Sufeto ya tsuguna a gindin randar. A danshin wajen akwai sawun ƙafa, gefen kowanne da ɗan zagayen rami, irin na mai dogara sanda.

Ya tarar da Malam Tasi'u zaune a inuwar rumbunsa, sandarsa a cinya, idonsa na kan wani wajen da babu kowa. Jikokinsa na wasa a tsakar gida.

"Baba, ka je ɗakin shan magani jiya?"

"Ni da ko masallaci ban iya zuwa ba? Ƙafa ta ƙi."

Sufeto ya dubi bakin sandar. Jar laka ce a jiki, irin ta gindin randar. Ƙasar gidan kuwa farin yashi ce. Ya nuna masa.

Wata kurciya na kuka a kan dalbejiya.

"Wata bakwai Safara'u tana kwance," in ji tsohon. "Ba abin da cikinta ke karɓa sai kunun gyaɗa. Daga rumbun nan nake ɗebowa. Har yau tana zuwar mini a mafarki, ta miƙo ƙoƙo ta ce in ƙara mata. Da Dakta ta ce gyaɗa na iya jawo ciwon, sai na kasa barci. In aka auna aka ce ni na shayar da ita ajalinta fa?"

"Ina ledar?"

Ya zaro ta daga aljihun rigarsa. Ko ɗaurinta bai kwance ba.

Dakta Khaulat, wadda ta biyo sawun Sufeto, ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ciwon nan shekaru yake yi kafin ya bayyana, kuma ba abu ɗaya ke kawo shi ba. Leda ɗaya ba za ta faɗi abin da ya kashe Inna ba. Abin da za ta faɗa shi ne ko yaran can za su ci gaba da cin wannan gyaɗar."

Malam Tasi'u ya waiga ya kalli jikokin. Ya saka mata ledar a hannu.

"Sai ka biyo ni ofis ka ba da bayani, Baba," in ji Sufeto.

Ya ɗora shi a bayan babur, ya ja a hankali. Sun kusa fita daga gonaki tsohon ya taɓa kafaɗarsa.

"Yallaɓai, ka gaya wa Dakta in sakamako ya fito, ni za ta fara faɗa wa."