Baitin Dikko Mai Jirgi

A bakin fadamar Gummi Muntari ya fara ganin Asma. Yana durƙushe yana gyaran injin ban-ruwa, hannuwansa duk baƙin mai, ta tsaya ta tambaye shi hanyar wata tunga. Maimakon ya yi mata kwatance, sai ya wanke hannu ya raka ta.

A hanya ta gaya masa cewa ita ɗalibar jami'a ce a Sakkwato, tana ɗaukar tsofaffin waƙoƙin ambaliya a wayarta. Malaminta da ya yi karatu a Holan ne ya ba ta aikin. Ya ce can sun adana waƙoƙin ruwa na ɗaruruwan shekaru, a cikinsu ake jin garin da ya nutse da mutanen da suka kai ɗauki. Muntari bai fahimci rabin bayanin ba, amma kafin su isa ya karɓi lambarta.

Kafin shinkafa ta nuna, yana ce mata Malamata, ita kuma Injiniyana.

Ranar da ta kai shi gaida kakarta, Inna Hure, ta roƙi tsohuwar ta rera masa waƙar da ta fi kowace. Inna Hure ta gyara zama ta fara jero unguwannin Gummi da ruwa ya ci shekara sittin da suka wuce, har ta iso wani baiti:

"Dikko mai jirgi ya loda buhu,
Luba na kira, bai waiwaya ba."

Asma ta raɗa masa cewa Luba ƙanwar Inna ce, tana da shekara tara ruwa ya tafi da ita. Dikko kakan Muntari ne. Saboda wannan baitin gidansu ya tashi daga Gummi ya koma Bukkuyum, kuma har gobe ba a kiran sunan Gummi a gaban manyan gidan. Ya sunkuyar da kai, ya ce waƙa ta yi daɗi.

Sau biyu ya sake jin waƙar bayan nan, bai ce komai ba.

Kamaluddeen, ɗan baffan Asma da ya daɗe yana sonta, shi ya je Bukkuyum ya binciko asalin Muntari. Da labarin ya iso, mahaifinta, Malam Sharu, ya ce jikan Dikko ba zai taka masa zaure ba. Da yamma saƙonta ya shigo:

"Ba abin da kakanka ya yi ne ya ɓata min rai ba. Sau uku ka ji waƙar nan a gabana ka yi shiru. Me kuma za ka ɓoye min gobe?"

Kwana uku yana rubutawa yana gogewa. A na huɗu ya tura:

"Kunya ce, Malamata. Na ji tsoron ki dube ni ki ga shi. Gobe zan zo, amma ba wurinki ba."

Da hantsi ya sami Inna Hure tana tsince shinkafa. Ya durƙusa nesa da tabarmarta, ya faɗi sunan ubansa da na kakansa. Ya ce bai zo wanke Dikko ba. Abin da ya sani kawai, tsohon bai sake shiga jirgi ba har ya mutu, kuma in hadari ya taso sai ya rufe kansa a ɗaki. Ya roƙe ta gafara a madadin gidansu.

Tsohuwar ta ajiye faifanta.

"Ni na yi baitin nan, ina budurwa," ta ce. "Shekara sittin ina jiran wani daga gidanku ya zo ya ce mani sannu. Kai ɗai ka zo." Ta goge ido da bakin zane. "Amma ba ni cire shi, ɗana. Nan ɗai sunan Luba ya rage."

"Kada ki cire, Inna," ya ce. "'Ya'yana ma su ji shi."

Ita da kanta ta kira Malam Sharu, ta ce ƙanwarta ce aka rasa, ta kuma yafe. Ya yi sati bai amsa ba, sannan ya aika a turo magabata.

Bayan girbi aka ɗaura auren. Mahaifin Muntari ya taka Gummi karo na farko a rayuwarsa, kansa ƙasa, har Malam Sharu ya kama hannunsa ya zaunar da shi kusa da shi.

Da za a kai amarya, Inna Hure ta dafa kan Asma ta ce, "Allah shi ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. In ɗayanku ya yi kira, Allah shi sa ɗayan shi ji."

Duk ɗakin ya amsa da amin.