Rijiyar da Ba a Bar wa Murfi Ba

Magini yana zaune a tsakar gida yana kankare busasshen siminti daga cokalin gininsa lokacin da dutsen farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Magariba ta kawo kai. Matarsa tana kwashe shanya, 'yarsu Auta tana wanke-wanke. Ya ɗaga murya ya zagi yaran maƙwabta, sai na biyu ya dira a gabansa. Da ya ɗauka ya ji shi jiƙe sharkaf, da sanyi, yana warin ruwan da ya daɗe a rufe. Rabon garin da ruwan sama kuwa har an manta.

Mutumin nan dama akwai giɓi a kansa. Bara ya faɗo daga tsani a wurin aiki, ya farka a asibiti, kwanakin da suka gabaci faɗuwar duk sun shafe. Da ya nemi ƙaninsa Dogo, abokin aikinsa tun suna yara, matar ta ce, "Ai kai da bakinka ka ce min ya tafi neman aiki wani gari." Ya yarda. Tun daga nan yake goge kayan aikin Dogo yana ajiyewa, yana mita: a ce ɗan'uwanka ya fasa kai, ko waya ba za ka buga ba? Abin yana ci masa rai ƙwarai, don yana son yaron nan.

Jifa ya zama na kullum, da zarar rana ta faɗi. Daga baya murya ta biyo, can ƙasa-ƙasa, ba a gane abin da take cewa. Sai Auta ta daina cin abinci. Yarinyar da surutunta ke hana gidan sakat ta koma tsayuwa a kusurwar da tsohuwar rijiya take, wadda aka rufe da daɓen siminti, ta ƙura wa ƙasa ido har duhu ya rufa. Wata yamma uwar ta taɓa kafaɗarta, yarinyar ta waiwayo, ta ce da muryar ƙaton namiji, "Kun cika min gida da wari."

Washegari aka kawo Malam, wani tsoho marar hayaniya. Ya sa aka zaunar da Auta, ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Can yarinyar ta sandare, idanunta suka juye.

"Kai wane ne?" in ji Malam.

"Mai gidan nan. Ina cikin rijiyar tun ba a haƙa harsashi ba. Ko allurarku ban taɓa ɗauka ba. Sai aka jefo min mutum, aka rufe mu tare."

"Wa ya jefa?"

Kan Auta ya juyo sannu a hankali ya tsaya a kan ubanta.

"Bai sani ba," muryar ta ce, har da 'yar dariya. "Ni na ture tsanin don ya mutu. Bai mutu ba, abin da ke kansa ne ya zube, na tsince na ajiye. Shi yana barci har da minshari, ni ina kwana da gawa."

Malam ya dubi Magini. "Aljani bai rasa ƙarya. Kada ka ɗauki maganarsa tukuna."

Amma Magini ya riga ya miƙe. Shekara guda yana wuce daɓen nan, matarsa ta ce shi ya yi, bai taɓa tsayawa ya dube shi da idon aiki ba. Ya durƙusa ya shafa. Shi bahago ne, kuma shafar cokalin daga hagu ta taso, tasa ce ba musu, sai dai a karkace take, irin ta hannun da ke rawa. Kuma babu murfi. Shi da ya koya wa Dogo cewa ba a toshe rijiya ruf, sai an bar mata ƙofa, ga shi ya zuba mata siminti mai kauri kamar ba za a sake buɗewa ba har abada.

"Me kake so ka fita?" Malam ya tambaya.

"Ya ɓata min gida, ni ma na sami wani. Yarinyar ta ishe ni."

"Wannan kam ba ka isa ba." Malam ya ci gaba da karatu har jikin Auta ya ɗauki kyarma.

"Tsaya! To, a fasa daɓen a fitar min da shi. Shi kuma ya karɓi ajiyarsa, na gaji da riƙo."

Malam ya ce wa Magini, "Ka ji. In ka karɓa ba ta mayaruwa, kuma hukuma za ta shigo."

Matar ta riƙe hannun rigarsa tana kuka. "Maigida, ka yi tunani."

Ya dubi wuyan hannun Auta, wanda ya rame ya koma kamar sillen kara. Tsoro ya cika shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a saman bene.

"Ba ni kayana," ya ce.

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi ta sulale jikin uwarta. A take komai ya dawo masa. Gardama a kan katangar da ta karkace. Dogo yana dariya, yana cewa idon Yaya ya tsufa. Bulo a hannunsa na hagu, ya sauke wa Dogo a ka. Da yadda yaron ya ce "Yaya" sau ɗaya, cikin mamaki, bai ƙara ba.

Gidan ya yi tsit. Babu jifa, babu murya.

Auta ta buɗe ido ta nemi ruwa da muryarta ta da. Da ta sha ta ce, "Baba, Baffa Dogo ya dawo ne? Kamar na ji shi."

Magini ya juya. Ya shiga ɗaki ya fito da gudumar Dogo, wadda ya shekara yana gogewa yana jiran mai ita. Ya ce wa matarsa, "Shiga da yarinyar ciki, ki kira 'yan sanda." Sannan ya nufi kusurwar.